Ficewar Birtaniya Daga Tarayyar Turai: Gardama a Kan Iko da Kasuwa

Gabatarwa

Ranar Alhamis, 23 ga watan Yuni na shekarar 2016, aka kira mutanen Birtaniya su jefa ƙuri'ar raba-gardama a kan tambaya guda ɗaya: shin ƙasarsu ta ci gaba da zama cikin Tarayyar Turai ne, ko kuwa ta fice? Da aka gama ƙidaya washegari, sai aka tarar masu son a fice sun kai miliyan 17.4, watau kashi 51.9 cikin 100, masu son a zauna kuwa miliyan 16.1, watau kashi 48.1. Mutane da yawa a ciki da wajen ƙasar sun ɗauka magana ta ƙare ke nan. Amma sai da aka shafe fiye da shekara uku da rabi kafin ficewar ta tabbata. A cikin wannan tsakani Firayim Minista biyu suka sauka daga mulki, aka yi babban zaɓe har sau biyu, Kotun Ƙoli kuma ta shiga tsakanin gwamnati da majalisa sau biyu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan gardama, ta kawo hujjojin kowane ɓangare yadda masu su suka gabatar da su, sa'an nan ta bayyana dalilin da ya sa ƙuri'ar ta kasa raba gardamar. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, zama cikin irin wannan ƙungiya ciniki ne: ƙasa takan ba da wani yanki na ikonta, a ba ta kasuwa da murya a madadinsa. Fita ma ciniki ce, mai nata farashi. An tambayi mutanen Birtaniya ko suna son fita, amma ba a tambaye su nawa suka yarda su biya ba, kuma daga nan ne duk rikicin da ya biyo baya ya samo tushe.

Wace Irin Ƙungiya Ce?

Kafin a shiga cikin batun gadan-gadan, ya kamata a san ko wace irin ƙungiya ake magana a kanta. Tarayyar Turai ta samo asali ne daga yarjejeniyar da ƙasashe shida suka ƙulla a Paris a 1951 don haɗa harkokinsu na kwal da ƙarfe. Ƙasashen su ne Faransa da Jamus ta Yamma da Italiya da Beljiyam da Holan da Luksambak. Babban burin shugabanninsu shi ne a ɗaure tattalin arzikin Faransa da na Jamus wuri ɗaya yadda ba za su sake iya yaƙar juna ba, domin a lokacin shekara shida kacal ke nan da gama Yaƙin Duniya na Biyu. A 1957 suka sake zama a Roma, suka kafa kasuwar tarayya. Yarjejeniyar Maastricht ta 1992 ta faɗaɗa ta zuwa harkokin kuɗi da na siyasar waje, daga 1993 kuma aka koma kiran ta Tarayyar Turai.

Ginshiƙin farko na ƙungiyar shi ne tarayyar kwastan. Ƙasashen ba sa karɓar kuɗin fito a kan kayan junansu, kuma kuɗin fito iri ɗaya suke ɗora wa kayan da suka shigo daga waje. Saboda haka babu ƙasar da ke da damar ƙulla yarjejeniyar ciniki ita kaɗai da wata ƙasar waje. Ƙungiya ce ke yi a madadin kowa. Ginshiƙi na biyu shi ne kasuwar bai-ɗaya, wadda ta kankama a farkon 1993. A cikinta kaya, da ayyuka irin na banki da inshora, da jari, da mutane, duk suna zirga-zirga ba shamaki. Domin hakan ta yiwu, lalle ne ƙa'idoji su zama ɗaya, ta yadda a lokacin da Birtaniya take ciki, madarar da aka yarda da ingancinta a Holan takan shiga kantin Landan ba tare da an sake gwada ta ba. Tun da kuwa ƙa'idoji ɗaya ne, dole a sami mai tsara su da mai yanke hukunci in an saɓa. Wannan ya sa aka kafa hukumar zartarwa a Burasal, da majalisar ministocin ƙasashe, da majalisar dokoki wadda jama'a ke zaɓa, da kotu a Luksambak wadda hukuncinta ke gaba da na kotunan ƙasa a kan al'amuran ƙungiya. Kowace ƙasa kuma tana zuba kuɗi cikin asusun tarayya.

To, a nan ne cinikin yake. Gwargwadon yadda aka buɗe maka kasuwa, gwargwadon yadda za ka yarda a yi maka doka tare da wasu.

Shigar Birtaniya da Ƙafa Ɗaya

Birtaniya ba ta cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. A lokacin tana ganin kanta a matsayin uwar daula, mai ƙasashen renonta da kuma dangantaka ta musamman da Amurka. Amma da ta ga daular tana watsewa, tattalin arzikin ƙasashen shida kuma yana bunƙasa fiye da nata, sai Firayim Minista Harold Macmillan ya nemi shiga a 1961. Shugaban Faransa, Janar de Gaulle, ya hau kujerar na-ƙi a 1963, ya sake hawa a 1967, domin yana ganin zuciyar Birtaniya ba ta tare da Turai. Sai bayan saukarsa ne Edward Heath ya sami shigar da ƙasar, ranar 1 ga Janairu 1973, tare da Ailan da Danmak.

Tun daga farko ba a sami jituwa a kan shigar ba. A wancan zamani 'yan Jam'iyyar Leba ne suka fi ƙyamar ƙungiyar, suna cewa taron masu jari ce da za ta ɗaure hannun gwamnatin ma'aikata. Don ya haɗa kan jam'iyyarsa, Harold Wilson ya kira ƙuri'ar raba-gardama a 1975, inda kimanin kashi 67 cikin 100 suka zaɓi a zauna. Duk da haka Jam'iyyar Leba ta shiga zaɓen 1983 da alkawarin fitar da ƙasar. Daga baya sai reshe ya juye da mujiya. Margaret Thatcher ta Jam'iyyar Konsabatib, watau ta masu ra'ayin 'yan mazan jiya, ita ce ta samo wa Birtaniya rangwame a kan kuɗin da take biya a 1984, kuma tana cikin waɗanda suka matsa a kafa kasuwar bai-ɗaya. Amma a jawabinta na birnin Bruges a 1988 ta yi kashedin kada Burasal ta zama wata babbar gwamnati a kan gwamnatoci. Daga nan ƙyamar ƙungiyar ta sami gindin zama a jam'iyyarta.

Birtaniya ta ƙi karɓar kuɗin yuro, ta ƙi shiga tsarin Schengen da ya ɗauke binciken fasfo a kan iyakoki. Duk da wannan sassauci, ƙorafi bai kwanta ba. A 2004 ƙasashe goma suka shiga ƙungiyar, galibinsu daga Gabashin Turai, Birtaniya kuma na cikin 'yan ƙalilan da suka buɗe musu ƙofar neman aiki nan take. Mutanen da suka zo, musamman daga Polan, sun ninka abin da gwamnati ta zata. Jam'iyyar UKIP ta Nigel Farage ta ci moriyar wannan ƙorafi har ta zo ta ɗaya a zaɓen majalisar Turai na 2014. Don ya tsare jam'iyyarsa daga wannan barazana, David Cameron ya riga ya yi alkawarin ƙuri'ar raba-gardama tun a 2013, ya kuma cika shi bayan ya ci zaɓen 2015. Watau sau biyu ke nan ana kiran jama'a su yanke hukunci a kan Turai domin a ɗinke ɓarakar da ke cikin jam'iyya mai mulki.

Hujjojin Masu Son a Fice

Jagororin wannan ɓangare, irin su Boris Johnson da Michael Gove da Nigel Farage, sun tattara duk hujjojinsu a ƙarƙashin kira guda, watau a maido da iko gida. Hujjarsu ta farko ta ɗiyaucin ƙasa ce. Sun ce a al'adar siyasar Birtaniya majalisar dokoki ita ce ƙoli, kuma amfanin zaɓe shi ne talaka ya iya tuɓe wanda ya yi masa dokar da ba ya so. Amma ɗan Birtaniya ba shi da hanyar tuɓe kwamishinan da ke Burasal ko alƙalin da ke Luksambak. Wannan hujja tsohuwa ce, domin Tony Benn na Jam'iyyar Leba ya daɗe yana kawo ta tun a shekarun 1970.

Hujja ta biyu ta shigowar baƙi ce. Cameron ya yi alkawarin rage yawansu zuwa ƙasa da 100,000 a shekara, amma alƙaluman da aka fitar ana saura wata ɗaya a jefa ƙuri'a sun nuna cewa a 2015 masu shigowa sun fi masu fita da kimanin 330,000. Masu son ficewa suka ce muddin ƙasa tana cikin kasuwar bai-ɗaya, babu gwamnatin da za ta iya cika irin wannan alkawari, tun da ba ta da ikon hana ɗan Turai shigowa. Suka danganta wannan da ƙarancin gidaje, da cunkoso a asibitoci, da tsayawar albashin ƙananan ma'aikata.

Hujja ta uku ta kuɗi ce. An rubuta a jikin wata jar motar yaƙin neman zaɓe cewa Birtaniya tana aika wa Tarayyar Turai fam miliyan 350 kowane mako, gara a zuba kuɗin a asibitocin gwamnati. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce adadin yana ɓatar da mutane, domin ba a cire rangwamen da Thatcher ta samo ba, ba a kuma cire abin da ke dawowa ga manoma da yankuna matalauta ba. In an cire waɗannan, abin da ya rage kusan rabi ne. Daɗin daɗawa, akwai masu cewa kasuwannin gobe suna Asiya da Amurka ne, saboda haka gara Birtaniya ta sami 'yancin ƙulla yarjejeniyoyinta da kanta. Masunta kuma, waɗanda sana'arsu ba ta kai ko kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa ba, sun zama wata alama babba, saboda suna ganin jiragen Faransa da na Holan suna kwasar kifi a ruwan da suke ɗauka nasu ne.

Hujjojin Masu Son a Zauna

Wannan ɓangare ya ƙunshi Cameron da Ministan Kuɗinsa George Osborne, da galibin 'yan majalisa na manyan jam'iyyu, da manyan kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago da jami'o'i. Hujjarsu babba ta tattalin arziki ce. Kimanin kashi 44 cikin 100 na abin da Birtaniya ke sayarwa waje a 2015 yana tafiya ne ƙasashen Tarayyar. Kamfanonin motoci na Japan, irin su Nissan a birnin Sunderland, sun kafa masana'antu a Ingila ne domin su sayar a Turai ba tare da shinge ba, kuma sassan mota ɗaya sukan ƙetare ruwa sau da yawa kafin a gama haɗa ta. Haka nan a wancan lokaci bankunan Landan suna aiki a dukkan ƙasashen ƙungiyar da lasisi ɗaya.

A kan batun iko kuwa, sun ce ƙasa mai mutum miliyan 65 ba za ta iya yin ciniki da Amurka ko Sin da ƙarfin da kasuwa mai mutum miliyan 500 za ta yi ba. Sun ƙara da cewa in an fita, kamfanonin Birtaniya za su ci gaba da bin ƙa'idojin Turai in suna son sayar da kaya can, sai dai ba za a ƙara jin muryar Birtaniya wajen tsara su ba. Sun kuma nuna cewa baƙin da ake kuka da su suna biyan haraji, suna aiki a asibitoci da gonaki, 'yan Birtaniya fiye da miliyan ɗaya kuma suna zaune a ƙasashen Turai da irin wannan dama.

Raunin wannan ɓangare shi ne ya dogara da tsoratarwa. Ma'aikatar kuɗi ta yi hasashen cewa da zarar an zaɓi fita tattalin arziki zai durƙushe, mutum wajen 500,000 su rasa aiki. Shugaba Obama na Amurka ya je Landan ya ce in Birtaniya ta fita, sai ta bi bayan layi kafin a ƙulla yarjejeniyar ciniki da ita. Mutumin da masana'antar garinsu ta rufe shekara talatin da suka wuce bai ga abin da zai ƙara yin hasara ba, don haka wannan gargaɗi bai girgiza shi ba. Bayan ƙuri'a darajar fam ta faɗi zuwa matakin da ba ta taɓa kaiwa ba tun 1985, amma durƙushewar da aka yi hasashe ba ta zo nan take ba, abin da ya rage wa masana ƙima a idon jama'a.

Abin da Ƙuri'a Ta Tona

Sakamakon ya nuna ƙasa a rabe. Ingila da Wels sun zaɓi fita. Sikotlan ta zaɓi zama da kashi 62 cikin 100, Ailan ta Arewa da kusan kashi 56, birnin Landan da kusan kashi 60. Matasa da masu ilmin jami'a sun fi karkata ga zama, tsofaffi da mazauna ƙananan garuruwa sun fi karkata ga fita. Wannan rabuwa ta ratsa ta tsakiyar manyan jam'iyyun biyu, kuma galibin 'yan majalisar da aka ɗora wa aiwatar da hukuncin ba shi suka zaɓa ba.

Babbar matsalar kuwa ita ce kalmar fita tana da ma'ana fiye da ɗaya. Ana iya fita irin ta Norwe, wadda ba ta cikin ƙungiyar amma tana cikin kasuwar bai-ɗaya; ita kuwa tana biyan kuɗi, tana bin ƙa'idojin da ba ta da ƙuri'a a kansu, tana kuma barin mutane su shigo. Ana iya yin irin ta Kanada, watau yarjejeniyar soke kuɗin fito kawai, wadda ke bar wa ƙasa ikonta amma ba ta ɗauke bincike a kan iyaka. Ana kuma iya fita ba tare da wata yarjejeniya ba. A lokacin yaƙin neman ƙuri'a an bar kowa ya ɗauki wadda ta kwanta masa, wasu ma sun ba jama'a tabbacin za a sami cikakken iko da cikakkiyar kasuwa gaba ɗaya. Shugabannin Turai suka ce taura biyu ba ta taunuwa, domin in aka ba wanda ya fita duk abin da na ciki ke samu, babu wanda zai zauna.

Cameron ya sanar da saukarsa washegarin ƙuri'a, Theresa May ta gaje shi. A Janairu 2017 Kotun Ƙoli ta yanke cewa sai da izinin majalisa za a ba da sanarwar fita, aka kuma ba da ita ranar 29 ga Maris, bisa sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar, wanda ya ba da wa'adin shekara biyu. May ta kira zaɓe a Yuni don ta ƙara ƙarfi, sai ta rasa rinjayen da take da shi. Yarjejeniyar da ta samo a Nuwamba 2018 majalisa ta yi watsi da ita a Janairu 2019 da ƙuri'a 432 a kan 202, ta kuma sake ƙin ta sau biyu. Da aka jera wa 'yan majalisa hanyoyi takwas a watan Maris don su zaɓi ɗaya, babu wadda ta sami rinjaye.

Iyakar Ailan

Ƙashin da ya tsaya a wuya shi ne iyakar da ke tsakanin Ailan ta Arewa, wadda yanki ce na Birtaniya, da Jamhuriyar Ailan, wadda ke cikin Tarayyar Turai. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 500, tana da mashigai fiye da 200. An shafe wajen shekara talatin ana zubar da jini a Ailan ta Arewa tsakanin masu son zama da Birtaniya da masu son haɗewa da Jamhuriya, aka rasa rayuka kimanin 3,500, kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka kwantar da hankali shi ne iyakar ta zama ba a ganin ta. Manomi yana kai madara daga wannan gefe zuwa wancan ba wanda ya tsayar da shi.

To, in Birtaniya ta fita daga tarayyar kwastan da kasuwar bai-ɗaya, dole a binciki kaya a wani wuri. In a kan tudu ne, an tayar da tsohon miki. In a teku ne, tsakanin Ailan ta Arewa da sauran Birtaniya, an raba ƙasa ɗaya gida biyu. In kuma ba a so ko ɗaya, sai Birtaniya duka ta ci gaba da bin ƙa'idojin Turai, abin da masu son fita suka ce ba fita ba ce. May ta karkata ga hanya ta uku a matsayin tanadin ko-ta-kwana, hakan ya ci kujerarta. Boris Johnson, wanda ya hau a Yuli 2019, ya yi ƙoƙarin dakatar da zaman majalisa, Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa wa doka. Daga bisani ya karɓi hanya ta biyu, ya ci zaɓen Disamba da rinjayen kujeru 80, Birtaniya ta fice ranar 31 ga Janairu 2020. Jam'iyyar DUP, babbar jam'iyyar masu son zama da Birtaniya, ta janye daga gwamnatin haɗin gwiwa ta yankin a 2022 don nuna fushi. Sai bayan gyaran da aka yi a Windsor a 2023 da wasu ƙarin alkawura ne gwamnatin ta dawo aiki a Fabrairu 2024.

Abin da Aka Samu da Abin da Aka Biya

Yarjejeniyar cinikin da aka cimma ranar 24 ga Disamba 2020 ta fi kama da ta Kanada. Babu kuɗin fito a kan kayan da aka tabbatar an yi su a ɓangarorin biyu, amma akwai takardun kwastan da binciken lafiyar nama da tsirrai, abin da ya fi takura wa ƙananan 'yan kasuwa. Ofishin da ke sa ido kan kasafin kuɗin Birtaniya ya ƙiyasta cewa a ƙarshe ƙarfin samar da arziki zai ragu da kimanin kashi 4 cikin 100 idan aka kwatanta da a ce an zauna. Masu goyon bayan ficewa suna musun wannan, suna cewa annobar korona da yaƙin Yukren sun dagula lissafi.

A ɗaya gefen, Birtaniya ta sami ikon da ta nema. Ta ƙulla yarjejeniyoyin ciniki da Ostareliya da Niyu Zilan da Indiya, ko da yake gwamnati da kanta ta ƙiyasta cewa ta Ostareliya ba za ta ƙara wa arzikin ƙasa ko kashi 1 cikin 1,000 ba. Ta kuma kawo ƙarshen shigowar 'yan Turai ba izini. Amma da asibitoci da gidajen kula da tsofaffi da jami'o'i suka nemi mutane, sai gwamnati ta buɗe ƙofa ga wasu ƙasashe, Indiya da Nijeriya suna kan gaba, har rarar masu shigowa ta haura 800,000 a 2023, kafin a sake tsaurara sharuɗɗa ta ragu. Tun daga 2022 binciken jin ra'ayin jama'a ya riƙa nuna masu ganin an yi kuskure sun fi yawa. Duk da haka Jam'iyyar Leba ta ci zaɓen 2024 da alkawarin ba za ta koma kasuwar bai-ɗaya ko tarayyar kwastan ba, sai dai a Mayu 2025 gwamnatin Keir Starmer ta sake zama da Tarayyar a kan kamun kifi da tsaro da binciken kayan abinci.

Abin Lura Ga Afirka Ta Yamma

Wannan batu ba na Turai kaɗai ba ne. Ƙungiyar ECOWAS, wadda aka kafa a Legas a 1975, ita ma ta haɗa ciniki da siyasa, kuma tun 1979 ta amince da zirga-zirgar mutane ba biza. A Janairu 2024 Mali da Burkina Faso da Nijar suka sanar da ficewarsu, ta kuma tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Akwai bambanci mai girma tsakanin al'amuran biyu, domin a nan gwamnatocin soja ne suka yanke shawara ba tare da ƙuri'ar jama'a ba, bayan takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar sakamakon juyin mulkin Yuli 2023. Amma hujjar da suka kawo ta ɗiyaucin ƙasa ce, amsar masu adawa kuma ta kasuwa ce da zumunta. Iyakar Nijeriya da Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, ta raba dangi ɗaya kamar yadda ta Ailan ta yi, kuma mutanen Jibiya da Maraɗi, ko na Illela da Birnin Ƙonni, sun ɗanɗana abin da rufe ta ke jawowa a watannin takunkumi. Abin lura kuma shi ne ƙasashen uku ba su bar kuɗin sefa ba a lokacin da suka fice, ECOWAS kuma ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu da kayansu har sai an daidaita sabuwar dangantaka. Watau a nan ma, bayan fita sai aka koma teburin ciniki.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kowane ɓangare a Birtaniya ya riƙe rabin gaskiya. Masu son fita sun yi gaskiya da suka ce zama cikin ƙungiya yana rage wa majalisar ƙasa iko, kuma ba a taɓa bayyana wa jama'a girman wannan ragi yadda ya kamata ba. Masu son zama su ma sun yi gaskiya da suka ce ikon da aka maido gida sai an biya shi da kasuwa, kuma ƙasa ba ta ƙaura daga inda Allah ya ajiye ta. Kuskuren da ya fi tsada shi ne an sa wa jama'a tambaya mai amsa biyu a kan al'amari mai hanyoyi da yawa, sa'an nan aka bar 'yan majalisa su yi ta jayayya a kan abin da jama'a ke nufi. Saboda haka duk ƙasar da irin wannan gardama ta taso mata, ya kamata shugabanninta su fara shimfiɗa wa jama'a sharuɗɗan zama da sharuɗɗan fita, kowanne da ribarsa da hasararsa, da kuma abin da zai sami mutanen kan iyaka, tun kafin a yanke hukunci.